Kamfanina Ya Kai Zagayen Ƙarshe, Ni Kuwa Ba Ni da Kamfani

Zuwa ga Malam Uwais, mai kula da filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Yau Litinin, sha ɗaya ga wata. Na tashi da sauƙi, sai dai gwiwar hagu da ta ƙi lanƙwasuwa har na yi sallar asuba a zaune, da tarin nan da ya shiga mako na uku. Idona na dama yana ruwa, saboda haka idan ka ga rubutun ya sauka daga kan layi ka yi mini uzuri, a da ba haka nake rubutu ba. Don Allah Malam ka taimake ni da shawara, kuma ka hanzarta. Na faɗa cikin wani al'amari da ban san ta inda zan fita ba, ga shi shekaruna saba'in da tara, ba lokacin da mutum zai ɗauki sabon zunubi ba ne.

Ni tsohon malamin firamare ne a nan Gaya. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa. Da na yi ritaya sai na koma rubuta wa mutane wasiƙa da cike musu takardu, har wayar hannu ta zo ta karɓe sana'ar. Matata Hanne ta rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yan da Allah Ya ba mu kuwa tun suna ƙanana Ya karɓi abinSa. Ina zaune ni kaɗai da akuya ɗaya, kaji biyu da zakara. Abinci daga gidan maƙwabcina Malam Bala ake aiko mini. A dangi wadda ta rage mini ita ce Shafa'atu, 'yar ƙanwata, tana aure a Ajingi. Duk bayan mako biyu, ranar Juma'a, takan hau mota ta zo da ƙuli-ƙuli da 'yar kwalbar man gyaɗa, ta share mini ɗaki, ta yi mini faɗa a kan ba na shan magani, ta koma kafin la'asar.

Kafin in faɗi abin da ya faru dole in yi maka bayanin yadda aka koyar da mu, in ba haka ba za ka ɗauka taɓin hankali ne. Hedimastanmu, Malam Muhammad Bashir, Allah Ya jiƙansa, yana da dokoki uku game da takarda. Ta farko, ba a barin gurbi babu amsa, duk gurbin da ka bari bulala biyu ne. Ta biyu, ba a fara rubutu a kan takardar gaskiya, sai ka yi gwaji a wata tukuna. Ta uku, idan za ka miƙa aiki ka haɗa da takardar gwajin, domin mai dubawa ya ga hanyar da ka bi. Shekara saba'in ke nan, amma har yau in na ga gurbi a takarda sai in ji bayana yana zafi.

Shafa'atu tana shugabantar wata ƙungiya ta mata goma sha huɗu. Suna matsar man gyaɗa, suna tuyar ƙuli-ƙuli. Ɓawon gyaɗar kuma ba sa zubarwa: sukan babbake shi a cikin durom, su daka, su kwaɓa da ɗan sitaci, su dunƙula ya zama gawayi. Gidaje da yawa a unguwarsu sun rage sayen itace saboda gawayin nan. Wata uku da suka wuce ta zo mini da fom na wata ƙungiyar ƙasashen waje mai ofis a Abuja, wadda ke ba da lambar yabo ga kamfanonin ƙasashe masu tasowa da suka ƙirƙiro sabuwar dabara kuma ba sa ɓata muhalli. Wanda ya ci za a ba shi kofi, a kai shi taro, a kuma ba shi inji mai aiki da hasken rana. Injin ne Shafa'atu take so, domin nasu na fetur ya ishe su. Fom ɗin da Turanci yake, shafi tara. Da yake ta san halina, kwafi biyu ta kawo. Ta zauna ta faɗa mini bayanan ƙungiyarsu na ɗauka a littafi, ta tafi.

Washegari na shimfiɗa tabarma a tsakar gida zan yi gwaji. Sai na ga babu dalilin rubuta nata sau biyu, tunda abin da nake so kawai shi ne hannuna ya saba da faɗin guraben. Saboda haka na cike na gwajin da abin da ke gabana. Wallahi Malam ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba, kowace tambaya na ba ta amsarta.

Sunan kamfani, na sa Rumbun Hanne, domin shi nake kallo a lokacin. Shekarar kafawa, na sa shekarar da aka ɗaura mana aure, shekara hamsin da ɗaya ke nan. Ko ya taɓa rufewa? Bai taɓa ba. Yawan ma'aikata, biyar, domin mu biyar ne muke motsi a gidan. Suka ce a rubuta sunayensu da ayyukansu. Hanne ta saba kiran kowace dabba da ranar da ta shigo gidan, ni ma na ci gaba da haka, saboda haka na rubuta: Asabe, sashen mayar da shara taki. Ita ce akuyar. Ladi da Larai, sashen kashe ƙwari ba tare da guba ba. Ɗanjuma, jami'in kula da lokaci. Ni kuma shugaba. Babu gurbin da ya tambayi yawan ƙafafun ma'aikaci. Mata nawa ne a cikinsu? Uku cikin biyar, na yi lissafi na sa kashi sittin cikin ɗari. Wane alheri ake yi wa ma'aikata? Ci da kwana kyauta, kuma ba a taɓa korar kowa ba.

Suka tambayi yawan fetur da kamfanin ke ƙonawa. Babu, kekena yana jingine tun da gwiwa ta fara. Wutar lantarki? An yanke tuntuni. Ina ake kai ruwan da aka yi amfani da shi? Na alwala ne, yana tafiya gindin zogale. Ko kayanku na fita wasu yankuna? Suna fita, domin takin Asabe yana zuwa gonar Malam Bala a Kademi, wani lokacin Shafa'atu ma ta tafi da shi Ajingi, wadda wata ƙaramar hukuma ce daban. Sai tambayar hayaƙi: nawa kamfanin ke fitarwa a shekara? Na rubuta babu ko kaɗan, shekara shida a jere. Wannan ma gaskiya ne, tun ranar da Hanne ta kwanta ba a ƙara hura wuta a madafinta ba.

Gurbin da ya fi ba ni wahala shi ne na sabuwar dabara. Na daɗe ina kallonsa, bayana yana zafi. Sai na tuna da igiyar da na ɗaura daga bakin gadona, ta bi ta taga, ta ratsa tsakar gida zuwa sakatar ƙofar zaure, domin idan wani ya yi sallama in ja in buɗe ba sai na taso ba. Na yi bayaninta da Turanci mai kyau, har da zane da rula. Suka tambaya sau nawa take lalacewa. Na ce ba ta taɓa ba. Ban faɗi cewa ba a cika yin sallamar ba, domin ba a tambaya ba.

Daga nan na cike na Shafa'atu da biro, shi ma bisa gaskiya. Hayaƙi? Akwai, sosai ma ranar tuya. Fetur? Injin yana sha. Haɗari a wurin aiki? Sau ɗaya, mai ya fallatsa wa wata a ƙafa. An taɓa korar ma'aikaci? Mace ɗaya, saboda gulma. Da na gama sai na bi doka ta uku, na sa duka biyun a ambulan ɗaya, na kai wa Sadisu mai shagon kwamfuta a bakin tasha. Shi kuma ya ga fom biyu, ya tura biyu.

Bayan wata guda wayata ta yi ƙara. Na ɗauka kuskuren lamba ne, domin galibi shi ke sa ta ƙara. Wata yarinya ce mai ladabi, ta ce sunanta Umaima daga ofishin lambar yabo, tana neman shugaban Rumbun Hanne. Ta taya ni murna, ta ce cikin kamfanoni sama da ɗari huɗu mun shiga arba'in na farko. Ta ce alƙalai ba su taɓa ganin kamfanin da ya yi shekara shida babu hayaƙi ba, kuma igiyar nan sun sa mata suna, wai fasahar buɗe ƙofa daga nesa ba tare da lantarki ba domin tsofaffin karkara. Na tambaye ta labarin ƙungiyar matan Ajingi. Ta duba, ta ce an cire su tun zagayen farko, hayaƙinsu ya yi yawa kuma suna da tarihin korar ma'aikata.

Nan ne ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, sai ta ce za ta riƙa kira duk Talata da ƙarfe goma sha ɗaya domin bin diddigin kamfanin. Malam, rabon da wani ya sa mini rana da lokaci ya ce zai kira ni, na manta. Sai na ji bakina ya ce Allah Ya kai mu.

Talata takwas ke nan tana kira, ba ta taɓa makara ba. Tun Litinin nake kai wayar caji. Kafin lokacin ya yi nakan wanke fuska in sa hula, ko da yake na san ba ganina take ba. Takan fara da gaisuwa, ta tambayi aiki, in ce da godiya. Ta tambayi kasuwa, in ce alhamdu lillahi. Ta tambayi ma'aikata, in waiwaya in gan su suna tonon ƙasa, in ce duk suna lafiya. To me zan ce? Ai haka ake amsa gaisuwa. Sai daga baya na gane rubutawa take yi. Ta ce a cikin duk kamfanonin ni kaɗai ne ban taɓa kawo kuka ba, kuma an ƙara mana maki a kan haka. Bayan ta gama tambayoyin takan ɗan tsaya. Ta san labarin gwiwata. Ta san makarantar da na fara koyarwa. Ranar da tarin ya sarƙe ni a waya sai da ta jira na sha ruwa, ta ce Baba sannu har sau uku.

Sau ɗaya na gwada faɗa mata. A Talata ta biyar na ce mata, yarinya, kamfanin nan fa ba komai ba ne. Ta yi dariya, ta ce duk manyan 'yan kasuwar da ta sani a Kano haka suke faɗa, har wani mai tireloli goma ya ce mata ɗan abin da ba a rasa ba ne. Ta rubuta cewa shugaban yana da tawali'u. Zan iya nanatawa, amma ban yi ba. Na faɗa wa kaina ai na sauke nauyi. Na san ban sauke ba.

Daga arba'in muka koma goma, yanzu muna cikin uku na ƙarshe. Tun muna cikin arba'in Sadisu ya baza labari. A masallaci an fara kirana Ciyaman. Wani da ban taɓa gani ba ya tare ni yana neman gurbin direba, na ce masa ba mu da mota, ya ce zai jira.

Shafa'atu ma a bakin Sadisu ta ji. Ta zo ba ranar Juma'a ba, ba ta zauna ba, ba ta ajiye jaka ba. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi Asabe, ta dubi kajin, ta dubi igiyar. Ta ce ashe Kawu ma ɗan kasuwa ne ba ta sani ba, da ta sani da ba ta kawo wa abokin takara takardarta ba. Ta ce mata goma sha huɗu ne suke tambayarta kullum yaya aka yi, ita kuma za ta je ta ce musu akuya ce ta kayar da su. Na fara yi mata bayanin dokokin Malam Muhammad Bashir, ban kai ta biyu ba ta fita. Mako bakwai ke nan. Idan na kira ta takan amsa gaisuwa da ladabi, sai ta ce tana kan tuya. Ban san ana tuya da asuba ba sai bana.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne, Umaima ta ce za a turo mai bincike daga Kano ya ga kamfanin da idonsa, kuma yau zai iso kafin azahar. Na share gidan iya ƙarfina. Na wanke Asabe, ba ta ji daɗi ba. Na ari kujera, na sa babbar rigata ta sallah.

Malam Bala ya zo da shawara jiya. Ya ce shi zai tsaya a matsayin Ɗanjuma, tunda aikin tada mutane ne kafin asuba, shi kuma yakan taya ladan kiran salla. Ya ce zai samo mata uku a unguwa su zama Asabe da Ladi da Larai na yini ɗaya. Har ya fara gwada yadda zai riƙa duba agogo. Na ƙi. Na ce abin da na rubuta gaskiya ne da aka fahimta ba daidai ba, wannan kuwa ƙarya ce da ƙafafunta. Ya ce to in na ci injin ai Shafa'atu zan ba, mata goma sha huɗu su huta, ina laifin? Wannan maganar ta tsaya mini a rai.

Ga kuma wata matsalar. Baƙo zai taso tun daga Kano, ba zai yiwu ya shigo gidana ya fita ba a yanka masa komai ba. Hanne ba za ta yarda da haka ba. Kajin suna ƙwai, Asabe ta fi ƙarfin baƙo ɗaya. Saura Ɗanjuma. Amma idan na yanka shi, mai binciken zai ci jami'in kula da lokaci, sannan ya buɗe takarda ya nemi ganinsa. Kuma maganar da na rubuta cewa ba a taɓa korar kowa ba ta rushe, domin ban san korar da ta wuce wannan ba. Malam Bala ya wasa wuƙa, yana zaune a zaure yana jiran umarni. Ɗanjuma yana kan katanga yana kallonmu.

To Malam, ka faɗa mini. In fito in faɗi gaskiya, in rasa injin, Talata kuma ta koma kamar sauran ranaku? Ko in yi shiru in ci, in kai wa Shafa'atu injin ko za ta huce? In na yi haka, me zan ce ranar da za a yi mini tambayar da ba a barin gurbi? Kuma yaya zan yi da zakaran?

Naka,
Tsohon Malami, Gaya.

Ƙarin bayani: An yi azahar, an yi la'asar. Sau biyu na ji motsi na ja igiya. Na farko Asabe ce take soshe jikinta da ƙofa, na biyu wani mai babur ne yake tambayar hanyar Kademi. Malam Bala ya mayar da wuƙarsa gida. Na cire babbar rigar na ninke. Rana ta kusa faɗuwa, baƙon bai zo ba.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya ƙara lafiya.

Zan fara da zakaran, domin shi ne ransa ke hannunmu. Kada a yanka shi tukuna. Akwai aikin da zai yi, zan zo kansa.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Rubutun bai sauka daga layi ba ko sau ɗaya. Ka tambaye ni gaskiya, saboda haka ga ta. Ranar da ka cike takardar gwaji ba ka yi laifi ba. Ranar da ka sa ta a ambulan kuskure ka yi, irin wanda tsohuwar tarbiyya kan sa mutum. Amma daga Talatar farko, da ka gane abin da suka fahimta ka bar su a kai, al'amarin ya canja. Kai malami ne. Da ɗalibi ya kawo maka amsar da kowace kalmarta daidai ce amma ya san ta sa ka fahimci abin da ba shi ba, ka san makin da za ka ba shi. Kai ma ka faɗa da kanka cewa ba ka sauke nauyin ba, ni tabbatar maka kawai nake yi.

Su ma masu lambar yabon suna da nasu kason. Mako takwas suna kira, babu wanda ya tambayi abin da Rumbun Hanne ke sayarwa. Sun tsara ma'aunin da wanda ba ya yin komai zai fi mai yi, domin duk mai aiki sai ya tada hayaƙi, sai mai ya fallatsa wa wani. Matan da suka hana a sare itatuwa sun faɗi, gidan da ba a girki ya kai zagayen ƙarshe. Ya kamata su san haka, kuma babu wanda zai iya nuna musu kamar kai.

Maganar Malam Bala tana da daɗin ji, kuma na san don alheri ya yi ta. Amma ka duba. Akwai kamfanoni biyu tare da kai a zagayen ƙarshe, da mutane na gaske a cikinsu, masu ƙafa bibbiyu. In ka ci, haƙƙin ɗayansu ka ɗauka. Sannan mai binciken da bai zo yau ba zai zo wata rana, ko a kira ka taro a ce ka zo da ma'aikaci ɗaya. Ranar da abin ya tonu, sunan Shafa'atu zai shiga ciki, tunda injin a hannunta za a same shi, kuma ƙungiyarta ba za ta ƙara shiga irin wannan takara ba. Ba kyauta za ka kai mata ba, matsala ce.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka ɗauki biro ka yi sana'arka. Ka rubuta wa ofishin wasiƙa da Turancin nan naka, ka ce ka janye. Ka faɗi ko wace ce Asabe, da Ladi, da Larai, da Ɗanjuma, dalla-dalla yadda ba za a ɗauke shi tawali'u ba. Ka faɗi dalilin da ya sa babu hayaƙi. A ƙarshe ka roƙe su, tunda akwai mai binciken da bai riga ya yi tafiyarsa ba, ya wuce Ajingi ya ga gawayin ɓawon gyaɗa. Ba na yi maka alkawarin za su mayar da matan cikin takarar bana, wataƙila dokarsu ba ta yarda ba. Amma za su san da su, kuma baɗi akwai wata. Wannan karon ka bar takardar gwajin a gida. Malam Muhammad Bashir zai yafe.

Kada ka kai wa Sadisu wasiƙar sai Shafa'atu ta karanta ta. Kuma kada ka kira ta a waya, tuyar ba za ta ƙare ba. Ka nemi Malam Bala ya raka ka, ku shiga mota ku tafi Ajingi da safe, da Ɗanjuma a hannu. Ka ba ta shi. Ba kora ba ce, canjin wurin aiki ne, abin da za ta yi da shi kuma ya rage nata. Ka nemi ta tara matan, ka karanta musu wasiƙar da Hausa da bakinka, domin kunyar da ta sha a gabansu ta sha ta, a gabansu ya kamata a wanke ta. Za su yi dariya, ka bar su su yi.

Idan kun keɓe, kada ka fara da dokoki uku. Ta ji ta farko, ba ta gamsu ba. Ka faɗa mata abin da ka faɗa mini: hular da kake sawa ranar Talata, da igiyar da ba ta taɓa lalacewa ba. Ina kyautata zaton ba injin ne ya fi ɓata mata rai ba. Tana ganin Kawunta ya yi mata wayo ne da gangan. Ba ta san kaɗaici ne ya rufe maka baki ba, domin duk zuwan da take yi kana ce mata lafiya lau, kamar yadda kake ce wa Umaima.

Game da Talata kuwa, ba zan ɓoye maka ba, mai yiwuwa kiran ya tsaya. Amma ko ka ci kofin zai tsaya, domin aikinta ne, kuma takara tana da ranar ƙarewa. Yarinyar tana da kirki, sannun da ta yi maka ba ya cikin fom. Ka faɗa mata da bakinka kafin wasiƙar ta isa, ka gode mata, ta cancanci haka. Amma wadda take hawa mota daga Ajingi ta share maka ɗaki ba wanda ya ɗauke ta aiki, kuma ba ta da ranar gamawa. Ita ce bai kamata ka rasa ba.

Abu biyu kafin in rufe. Tarin da ya kai mako uku ba na jira ba ne, ka je asibiti a duba ƙirjinka cikin makon nan, kuma ka bar Shafa'atu ta yi faɗanta a kai. Sannan igiyar nan dabara ce mai kyau, amma tana ajiye ka a kan gado. Da hantsi ka fito da tabarmarka ƙofar gida. Tunda an riga an san Ciyaman, masu wucewa za su tsaya, a cikinsu kuma ba za a rasa mai takardar da ke neman cikewa ba.

Ka yi yini guda cikin babbar riga kana jiran baƙon da bai zo ba. Rigar tana nan a ninke, ka sake sa ta, wannan karon kai ne baƙon. Allah Ya ba ka lafiya, Ya jiƙan Hanne, Ya daidaita tsakaninka da 'yarka, Ya sa mu ji an hura wuta a gidan nan ranar Juma'a.

Malam Uwais